Me za mu kira ƙarfen da ke ɗauke da sirdin keke?

Mai Gyara: Assalamu alaikum. Sirdi dai babu gardama a kansa. Abin da nake nema shi ne sunan ƙarfen da ke ɗauke da shi, wanda Turawa ke kira sitfos. "Ƙarfen sirdi" bai wadatar ba, don ƙarafan wurin kashi uku ne: wanda ake ɗagawa a sauke, bututun firam, wato gangar jikin keke, da yake shiga, da siraran nan biyu da ke ƙarƙashin sirdin. Ka ce wa yaro ya sassauta ƙarfen sirdi, sai ya kwance notin sama alhali tsawo ake so a ƙara.

Ɗan Tsere: Wa'alaikumus salam, Oga. Turken sirdi fa?

Malamin Hausa: Turke kafa shi ake yi a bar shi nan, wannan kuwa hawa da sauka ne aikinsa. Wuya ma ba zai yi ba, za a rikita shi da wuyan kan keke. Ni sandar sirdi na zaɓa. Bututun da take shiga kuma a ce kube, kamar na takobi.

Mai Gyara: Malam, kube ya zauna daram, domin ba kowace sanda ke shiga kowane kube ba. Kaurinta yana rubuce a jikinta: 25.4, 27.2, 30.9 ko 31.6 na milimita su ne aka fi gani. In ta yi siriri, duk yadda ka ɗaure sai ta riƙa zamewa ƙasa, ƙarshenta ka matse bakin kuben ya lotsa. In ta yi kauri, kada a buga ta da guduma. Akwai kuma zane a ƙasanta da ke nuna iyakar inda za a zaro ta. Wanda ya wuce wannan zane zai iya tsaga firam, saboda guntun da ya rage a ciki ba zai ɗauki nauyin mutum ba. A shafa mata giris kafin a zura, musamman sandar alminiyam a firam na ƙarfe, in ba haka ba su kame juna. Wadda aka yi da zaren kabon maimakon ƙarfe ba giris ake sa mata ba, tana da nata man mai ɗan tsakuwa-tsakuwa.

Ɗan Tsere: To maɗauran fa? Su ma biyu ne.

Malamin Hausa: Na bakin kube zagaye yake, a ce zobe. Na sama cizo yake yi, a ce muƙamuƙi. Siraran ƙarafan da yake ciza kuma tagwaye.

Ɗan Tsere: Na karɓa. Bari in gwada su mu ji ko za su yi aiki. A sassauta muƙamuƙi da alanki, mabuɗin noti mai kusurwa shida, mai lamba 5 ko 6, a zaunar da tagwaye a cikin kwarminsa, cizon ya faɗa tsakanin alamun da aka zana a jikinsu. A daidaita sirdi ya kwanta sambal. In hancinsa ya duƙa, mahayi zai riƙa zamewa gaba, nauyi ya koma hannuwa. In ya ɗaga, zai danne gaba har wurin ya yi sanyi. Muƙamuƙi mai noti biyu a bi shi kaɗan-kaɗan: ɗaure na gaba yana sauke hanci, na baya yana ɗaga shi. Sannan a sassauta zobe, a ɗaga sanda har sai ƙafa ta miƙe sosai idan an ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙugu na rangaji wajen tuƙi, ta yi tsawo. In gaban gwiwa ke ciwo, yawanci ta yi ƙasa.

Mai Gyara: Ko sau ɗaya ban rikice ba. Ƙari ɗaya: zobe ba ya son ƙarfi, galibi 5 zuwa 6 na Nm ne, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, kuma akan rubuta a jikinsa. Tagwayen ƙarfe galibi kaurinsu milimita 7 ne, na kabon kuwa faɗi 7, tsayi 9, don haka ba kowane muƙamuƙi ke kama su ba.

Malamin Hausa: To mun tsaya a kan sanda, kube, zobe, muƙamuƙi da tagwaye. Saura zoben nan mai hannu da ake buɗewa ba alanki, wa ke da suna?

Ɗan Tsere: Zobe mai kunne, Malam.