Zangarniyar da Ta Ƙi Zubewa

Mai Lauje:
Sallama gare ku, masana tarihi,
Ga tambaya, ku amsa da rerawa.
Ɗan Adam ya daɗe yana yawon daji,
Abincinsa tsinto da naman barewa.
Shekaru 11,000 da suka shige,
Me ya zaunar da shi ya koma shukawa?

Malama Mai Iri:
Yaya, amsar tana cikin zangarniya,
Tsakanin kogin Furatu da tsaunukan Turkawa.
Alkamar daji in ta nuna ba ta jira,
Gaɓarta kan karye, ƙwaya na ta zubewa.
Jefi-jefi wata kan fito da gaɓa mai tauri,
Ta riƙe 'ya'yanta, ba su faɗuwa.
Kaɗa kara a kwando, mai zuba za ka tara,
Yanka da lauje, mai tauri ce ke biyowa.
Ka ci wani, ka ware iri daga wannan dami,
Ka kai sabon fili, nesa da gyauro mai tsirowa.
Matsalar, tsoron asara kan sa a yanka ɗanye,
Sai mai zuba ta shige cikin iri tana ɓuyawa.
Shi ya sa aikin bai yi sauri ba,
Kusan shekaru 2,000 mai tauri ta yi tana yaɗuwa.

Mai Lauje:
Madalla, Malama. Laujen kuwa ƙashi ne ko ice,
A tsaga, a jera dutsen ƙanƙara, da danƙo ake liƙawa.
A 1966 masanin tsirrai Jack Harlan ya gwada a tsaunin Karacadağ na Turkiyya,
Kilo guda na tsaba a awa yake samowa.
Mako uku, iyali sun haɗa cin shekara,
To me ya kai su wahalar nomawa?

Baba Mai Rumbu:
Ɗana, rumbu ya riga gona.
Je Dhra' a Jodan ka ga abin dubawa.
Shekaru 11,300, zagayayye, faɗin mita 3,
Sha'ir ɗin daji suke ta zubawa.
Daɓen a ɗage yake bisa duwatsu,
Iska na ratsawa, ɓera da danshi ba sa hawa.
Mai hatsi a rumbu ba ya ƙaura,
Yara suka yi yawa, na kusa ya daina isarwa.

Malama Mai Iri:
Haka ne, Baba, sai dai mata sun ji jiki,
Ƙasusuwan tsohon ƙauyen Abu Huraira a Siriya na nunawa.
Durƙuso kan dutsen niƙa awa da awa
Ya lalata ƙugu, babban yatsan ƙafa da gwiwa.
Tsakuwar dutse na bin gari cikin abinci,
Haƙora tun da ƙuruciya suke cinyewa.

Makiyayi:
Kar ku bar akuya a baya, Malama.
A Ganj Dareh ta Iran, shekaru 10,000 da wucewa,
Ƙananan bunsuru ake kai wa wuƙa,
A bar mata su tsufa suna haihuwa.

Baba Mai Rumbu:
Daga nan sai kudancin Iraƙi, ƙasar ban ruwa.
Rana ta ƙafar da ruwa, gishiri ya hau kamar kanwa.
Alkama ta gaza, sha'ir ya jure,
Shi magatakardan birnin Uruk ke lissafawa,
Wajen 3200 kafin haihuwar Annabi Isa,
Kan allon yumɓu da kara suke rubutawa.

Mai Lauje:
Namu geron fa, Baba? Kwarin Tilemsi na Mali,
Shekaru 4,500, ƙaiƙayinsa a jikin tukwane ake tsintowa.
Ita dawa wa ya fara ware irinta?
Malama, ga fagen nan, ke muke saurarawa.