Gyaran sassan wakilin AI a LangGraph alhali yana kan aiki: me ke karyewa?

Bakano_Python: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da wakilin AI da aka gina a kan LangGraph, laburaren da ake tsara aikin wakili da shi mataki-mataki, yana karɓar odar kaya daga kwastomomi. Tashoshinsa (nodes), wato matakan da yake bi, shida ne: `karbi_sako`, `tantance`, `duba_sito`, `lissafi`, `jira_manaja`, sai `tura_rasit`. Hirarrakinsa da kwastomomi ana ajiye su a rumbun bayanai na Postgres da PostgresSaver. Yanzu muna so mu raba `lissafi` gida biyu, ɗaya ta haraji ɗaya ta kuɗin kai kaya, mu kuma sake wa wasu tashoshin suna. Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, ta ina ɓarna ke ɓullowa?

Injiniyan Sabon Gari: Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka taɓa komai, ƙirga hirarrakin da ke tsaye a tsakiyar hanya. Ɗauki kowane `thread_id`, wato lambar hira, ka kira `get_state`, ka duba abin da ke cikin `next`, inda ake nuna tashar da hirar za ta shiga a gaba. Idan babu komai, hirar ta kai ƙarshe, kana iya ƙara tasha, cire ta, sake mata suna, babu abin da zai same ta. Idan kuwa ka ga `jira_manaja` a ciki, to ajiyar ta riƙe wannan sunan harafi da harafi. Ka mai da shi `amincewa`, manaja ya dawo ya danna amincewa, hirar ta nemi tashar da babu ita kuma. Takardun LangGraph ma sun faɗa: a hirar da aka dakatar, kowane sauyin tsari yana yiwuwa ban da cire tasha ko sake mata suna.

Abin da mutane ke mantawa shi ne ba a wurin jiran mutum kaɗai hira ke tsayawa ba. Wadda ta faɗi a `lissafi` saboda intanet ta yanke ko kamfanin da ke ba da samfurin AI ɗin bai amsa ba, ita ma tana nan tsaye da `lissafi` a cikin `next`. Kai ga shi kana shirin rushe wannan tashar. Abin da muke yi: sabuwar tasha ta shiga da sabon sunanta, tsohuwar a bar ta a wurin tana aikinta ga tsofaffin hirarraki kawai, sababbi su bi sabuwar hanya. Sai adadin masu tsayuwa ya koma sifili ake cire ta.

Maman Hanan: Ni matsalar da na hango tana cikin rabon nan da kake so ka yi. Idan `haraji` da `sufuri` za su tashi a lokaci guda daga `duba_sito`, kuma dukansu suna rubutu a mabuɗi ɗaya, wato gurbi ɗaya na bayanan hira, misali `jimla`, za ka sha `InvalidUpdateError` nan take. Mabuɗin da ba a ba shi dokar haɗawa ba, ƙima ɗaya tak yake karɓa a kowane zagaye.

Da yawa sai su yi saurin maƙala masa `operator.add`, mai tara sabuwar ƙima a kan tsohuwa, don kuskuren ya yi shiru. Zai yi shiru kam, amma duba abin da zai biyo baya. Kwastoma ya yi odar ₦20,000, harajin VAT na 7.5% ya zama ₦1,500, kai kaya ₦2,000, jimla ₦23,500, lafiya lau. Gobe ya dawo a hira ɗaya ya yi odar ₦10,000. Tunda bayanan hirar suna ajiye, sabon lissafi zai hau kan tsohon, rasit ya fito da kuɗin jiya da na yau a haɗe. Babu jan rubutu, babu ƙara, sai dai kwastoma ya kira yana faɗa.

Ka ba kowace tasha mabuɗinta: `kudin_haraji` da `kudin_sufuri`. Sai ka ƙara ta uku mai tarawa, ka haɗa ta da `add_edge(["haraji", "sufuri"], "tara")`. Idan ka rubuta su cikin jeri ɗaya haka, `tara` za ta jira dukansu su gama kafin ta motsa.

Bakano_Python: Na gode Hajiya. To su mabuɗan fa, ana iya sake musu suna?

Maman Hanan: Ƙara sabo ko cire tsoho ba ya da haɗari. Sake suna kuwa daidai yake da zubar da abin da ke ciki: tsofaffin hirarraki za su ga sabon mabuɗin babu komai. Kuma a cikin sabuwar tasha kada ka rubuta `state["kudin_sufuri"]` kai tsaye, domin hirar da ta fara kafin gyaran ba ta san shi ba, za ta ba ka `KeyError`. Yi amfani da `.get` tare da ƙimar da za a koma gare ta. Canza nau'i, daga lamba zuwa jeri misali, shi ma yana iya rikita tsohuwar ajiya. Gara ka buɗe sabon mabuɗi.

Abu Sadiq: Tashar `jira_manaja` ce na fi jin tsoro a duk abin da ka lissafa. Idan da `interrupt` take aiki, wato umarnin dakatarwa har mutum ya amsa, ka sani cewa lokacin da aka ci gaba da `Command(resume=...)`, ba daga layin da ta tsaya take ɗorawa ba. Daga saman tashar take sake farawa, ta sake gudanar da duk abin da ya zo kafin `interrupt`. Don haka duk wanda ya zo gyara ya saka layin "rage kaya daga sito" ko "tura wa kwastoma saƙo" a sama da shi, aikin zai gudana sau biyu: katan ashirin a sito, oda ta biyar, a tarar saura goma maimakon sha biyar. Wanda ya yi gyaran ba zai gani a kwamfutarsa ba, domin yawanci ba ya gwada dakatarwa da ci gaba.

Duk abin da ke taɓa duniyar waje, a mai da shi tasharsa daban bayan amincewa. Idan dole ne ya zauna a sama, a ɗaure shi da lambar oda, ya fara duba ko an riga an yi kafin ya sake.

Abu biyu kuma. `interrupt` ta hanyar jefa kuskure na musamman yake dakatar da aiki, saboda haka idan wani mai son tsafta ya naɗe tashar da `try` da `except Exception`, zai haɗiye dakatarwar, oda ta wuce ba tare da manaja ya gani ba. Sannan idan tasha ɗaya tana da `interrupt` biyu, amsoshin ana jera su ne bisa tsarin zuwansu. Ka cusa na uku a tsakiya ko ka juya su, amsar "nawa za a rage masa" ta faɗa gurbin "an amince?".

Ɗan Damagaram: Ku ƙara da bayanin da ke ƙarƙashin kowane kayan aiki da wakilin ke iya kira. Aikin da aka yi wa `@tool`, sunansa da rubutun bayaninsa da sunayen abubuwan da yake karɓa duk ana tura su ga samfurin, da su yake yanke shawarar wanda zai kira. Mai gyara ya ga jimlar "a kira wannan kawai idan kwastoma ya ba da lambar oda" ya ɗauka sharhi ne, ya taƙaita ta, sai wakili ya fara kiran aikin a kan kowace gaisuwa. Gwajin da ke duba lambobi kaɗai ba zai kama wannan ba. A tara saƙonni na gaske kamar talatin ko arba'in, har da masu gauraya Hausa da Turanci da masu kuskuren rubutu, a rubuta kayan aikin da ya kamata kowanne ya kira. Bayan kowane gyara a gudanar da su, a duba wanda aka kira da abin da aka ba shi. Kada a gwada kalmomin amsa, su kullum canzawa suke.

Injiniyan Sabon Gari: Wasu za su ce ka mai da kowane sashe ƙaramin tsari mai zaman kansa a cikin babban. Ga tashoshi shida ni ban ga amfaninsa ba, wahalar bin diddigi kawai za ka ƙara wa kanka.

Maman Hanan: A nan kam ban bi ka ba Injiniya. Idan mutum biyu ne ke aikin, ɗaya a kan kuɗi ɗaya a kan hira, ware sashen kuɗi da nasa mabuɗan yana hana su taka ƙafar juna. Sharaɗin dai shi ne a kira shi daga cikin tasha ɗaya wadda ke fassara abin shiga da abin fita. Idan aka jona shi kai tsaye, ta mabuɗan da sunansu ya zo ɗaya suke magana da babban tsarin, sai sake suna a gefe ɗaya ya yanke su a ɓoye.

Abu Sadiq: Kada kuma a haɗa gyaran tsari da sabunta laburare a rana ɗaya. A kafe lambar sigar `langgraph`, `langchain-core` da `langgraph-checkpoint-postgres` a fayil. LangGraph 1.0 ya fito a Oktoban 2025, kuma daga nan aka fara karkatar da masu `create_react_agent` zuwa `create_agent` na LangChain. Wannan ƙaura aikin yini ne na daban. Idan an sabunta laburaren ajiya, a sake kiran `setup()` domin teburan Postgres su daidaita. Sannan ka saka `recursion_limit`, wato iyakar zagayen da aka yarda tsarin ya yi, da hannunka, kada ka dogara da wanda ya zo da shi. A tsofaffin sigogi 25 ne, kuma kowace tasha da ka ƙara cikin madauki tana cin nata zagayen, sai aikin da ke wucewa da can ya fara mutuwa da `GraphRecursionError`.

Bakano_Python: Na duba yanzu. Akwai hirarraki tsaye a `jira_manaja`, wasu kuma a `lissafi` tun makonni, masu su ba za su dawo ba. Haka zan yi ta jiran su?

Injiniyan Sabon Gari: A'a Malam. Na `jira_manaja` ka kai wa manaja jerinsu ya amince ko ya soke. Na `lissafi` ka kwafi ajiyar zuwa wani Postgres na gwaji, ka ɗora sabon tsarin a kai, ka kira `update_state` da `as_node="duba_sito"`, wato ka sa hirar ta ɗauka yanzu ta fito daga duba sito. Sake duba `next`. Ya kamata ka ga `haraji` da `sufuri`. Idan haka ne, yi wa na gasken, waɗanda suka tsufa kuma ka rufe odarsu a rumbunka. Kafin ka tura gyaran, fitar da zanen tsarin da `draw_mermaid` na tsohon da na sabon ka ajiye su gefe da gefe, domin tashar da aka manta ba a jona ba a nan take fitowa fili.