Neman shawara: wane makirufo marar waya ne ba zai kunyata ni a wurin aiki ba?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni DJ ne mai yawo da kayansa zuwa duk inda aka kira shi, yau ɗakin taro, gobe fili, jibi harabar makaranta. Makirufon da nake aiki da shi yanzu irin mai hannu biyu ne, wato makirufo biyu da risiba ɗaya (na'urar da ke karɓar siginarsu), kuma tasharsa a kafe take, ba a canza ta. Idan na gwada shi kafin jama'a su iso, yana kai murya har ƙarshen ɗaki ba tare da matsala ba, amma da zarar wuri ya cika sai magana ta riƙa yankewa, musamman idan mai jawabi ya juya mini baya. Ina so in sayi guda biyu irin waɗanda ake riƙewa a hannu, ɗaya nawa, ɗaya na masu jawabi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bambancin da ke tsakanin UHF da 2.4 GHz, wato zangunan siginar rediyo biyu da irin waɗannan makirufo ke aiki a kai, da kuma ko nisan da ake rubutawa a jikin kwali abin dogaro ne. Don Allah masu sani su taimaka.

Wani mai haɗa sauti a ɗakunan taro:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka bayyana ba lalacewa ba ce, haka irin wannan na'ura take. Jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne, kuma yana shanye siginar rediyo, saboda haka ɗakin da ka gwada babu kowa da ɗakin da ya cika da mutane ba wuri ɗaya ba ne a wajen makirufo. Nisan da ke jikin kwali kuwa ana nufin fili ne da babu abin da ya shiga tsakanin makirufo da risiba, don haka kada ka gina zaɓinka a kansa.

Abubuwa biyu zan ce ka duba tun kafin ka kalli sunan kamfani. Na farko, ya kasance ana iya canza masa tasha, kuma risibar tana iya lalubo tashar da babu kowa a kai da kanta. Wanda yake aiki a ɗaki ɗaya kullum zai iya zama da tasha ɗaya shekara da shekaru, amma kai kullum sabon wuri kake zuwa, kuma yawancin makirufon UHF suna zaune ne a zangon da gidajen talabijin ke watsa shirye-shirye, daga 470 MHz zuwa sama. Tashar da ta yi maka kyau jiya tana iya zama a ƙarƙashin siginar talabijin mai ƙarfi yau, kuma idan na'urarka ba ta matsawa, babu dabarar da za ta fisshe ka.

Na biyun shi ne yadda risibar ke karɓar sigina. A cikin ɗaki sigina ba ta hanya ɗaya take isowa ba: wata tana zuwa kai tsaye, wata sai ta bugi bango ko rufin ƙarfe sannan ta dawo, kuma akwai wuraren da waɗannan biyun suke haɗuwa su kashe juna. Shi ya sa za ka ga mai jawabi ya yi taku ɗaya kawai murya ta ɗauke, ya ƙara taku ta dawo. Maganinsa shi ne risiba mai eriya biyu da take zaɓar wadda ta fi samun sigina a kowane lokaci, domin da wuya a ce duka biyun sun faɗa ramin a tare. Mafi inganci ita ce wadda kowace eriya take da nata sashen karɓa, wadda ake rubuta wa true diversity. Ka kula da kyau a nan, domin yawancin masu hannu biyun nan marasa tsada suna da eriya biyu ne kawai saboda kowane makirufo yana da tasa guda ɗaya, wanda ke nufin babu ɗayansu da ke da madadi. Ina kyautata zaton naka ma haka yake.

Wata mai shirya taruka:

Ina so in ƙara maganar doka, domin mutane suna mantawa da ita, musamman masu sayen wanda aka riga aka yi amfani da shi ko masu yin oda daga wata ƙasa. Kowace ƙasa tana da zangon da ta yarda a yi amfani da shi, kuma an ƙwace wasu zanguna an ba kamfanonin wayar salula. A Amurka an hana makirufo zangon 700 MHz tun 2010, sannan a 2020 aka hana mafi yawan zangon 600 MHz. A ƙasashen Turai da yawa ana aiki tsakanin 863 da 865 MHz ba tare da lasisi ba, sai dai wurin ƙunci ne, makirufo kaɗan yake ɗauka, yayin da a Ingila zangon 606 zuwa 614 MHz yake buƙatar lasisi daga hukumar Ofcom. Samfuri ɗaya yakan fito da zango daban-daban, saboda haka ka karanta lambobin da ke bayan risibar, ka kwatanta da abin da hukumar sadarwa ta ƙasarka ta amince da shi.

Wani DJ:

Ni kam ina ganin ana yi wa 2.4 GHz rashin adalci. Ba ya buƙatar lasisi kusan a ko'ina, yana neman tasha da kansa, kuma ga wanda makirufo biyu kawai yake buƙata a ƙaramin ɗaki, ya wadatar. Da shi nake aiki, kuma muddin mai magana yana kusa da tebur ɗina ban ga abin ƙorafi ba.

Mai haɗa sauti:

Gaskiya ka faɗa, ɗan'uwa, amma sharaɗin da ka sa a ƙarshe shi ne dukan maganar. Zangon 2.4 GHz shi ne wanda Wi-Fi da Bluetooth suke ciki, kuma kowane baƙo da ya shigo ya zo da waya a aljihunsa. Bayan haka tsawon igiyar siginarsa bai wuce santimita 12 da rabi ba, alhali na 500 MHz ya kai santimita 60, kuma gajeriyar igiya ta fi saurin tarewa idan jikin mutum ya gitta. Mai tambaya ya ce matsalarsa tana farawa ne idan wuri ya cika, to bai kamata a tura shi inda cikar wuri ta fi yin illa ba. Shawarata UHF ce. Ko na dijital ne ko na analog duka suna aiki. Na dijital irin su Shure SLX-D da Sennheiser EW-D sun fi tsabtar sauti, jinkirinsu kuma bai kai kashi 4 cikin 1000 na daƙiƙa ba, kunne ba ya kama shi. Bambancin da za ka lura da shi shi ne na analog yakan fara huci idan sigina ta yi rauni, na dijital kuwa ɗaukewa yake yi gaba ɗaya.

Kuma ko wanne ka saya, inda ka ajiye risiba yana iya ɓata shi. Kada ta zauna a ƙarƙashin tebur ko a cikin akwatin ƙarfe, kada ta jingina da kwamfutarka. Ka ɗaga ta sama da kawunan mutane, ka buɗe eriyoyin su yi siffar V, ka kunna dukan kayanka sannan ka sa ta lalubo tasha, makirufo na farko yana kunne yayin da kake nemar wa na biyu.

Wani mai gabatar da taro:

A matsayina na wanda ake miƙa wa makirufo, ina roƙon ka duba kansa. Ka zaɓi irin wanda yake ɗaukar murya daga gaba ya ƙi ta baya, kamar kan SM58 na Shure ko e835 na Sennheiser, domin masu jawabi sukan yi yawo har gaban lasifika, kuma irin wannan kan ya fi jure hakan kafin ya fara ƙugi. Ka kuma gaya wa duk wanda za ka ba shi ya riƙe tsakiya. Wanda ya dunƙule kan da tafin hannu ya toshe ramukan da suke hana ƙugi, wanda ya riƙe gindin kuma ya rufe eriya, domin a nan take a yawancinsu.

Wata mai shirya taruka:

Jabun manyan kamfanonin nan sun yi yawa, har kwalin ma ana kwaikwaya, don haka ka saya a wajen dilan da kamfanin ya amince da shi. Ka fifita mai cin batir AA, ka sa sabo ko cikakken caji kafin kowane aiki, kuma makirufo mai waya ya kasance a jone da mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ko da yaushe.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: in sayi risiba ɗaya mai ɗaukar makirufo biyu, ko kuwa biyu daban-daban?

Mai haɗa sauti:

Mai ɗaukar biyu ta fi sauƙin ɗauka da haɗawa, amma idan ita ko abin ba ta wuta ya mutu, duka biyun sun tafi a lokaci ɗaya. Ni biyu daban zan saya, samfuri ɗaya kuma zango ɗaya, domin tashoshin da kamfani ya jera a rukuni ɗaya an lissafa su ne yadda ba za su shiga juna ba. Idan ka zaɓi mai ɗaukar biyun, ka tabbata kowane makirufo yana da tasa mafitar XLR, wato inda ake jona wayar da ke kai sauti mikisa, yadda za ka iya rage muryar mai jawabi a mikisa ba tare da ka taɓa taka ba.