Zanen Kaka: baƙin ciki ne a fuskar, ko rashin iyawa?

Sani (Marwa): Ku yi haƙuri, zanen nan da Yaya Bilki ta sa aka yi wa marigayiya Kaka bai yi ba. Idanu ƙwala-ƙwala, hannaye sun fi kai girma, ko inuwa babu. Baƙin cikin da kuke cewa kun gani a zuciyarku yake. Mai zanen nan allon shagon aski ya iya zanawa.

Bilki (Garwa): Sani, hoton katin shaidarta kaɗai muka ba shi, iyakarsa kafaɗa. Hannayen ni na kwatanta masa, na ce da damun fura ta ciyar da mu. Dubi babban yatsan dama yadda ya lanƙwashe wurin riƙon ludayi, ga lallen ya tsaya a gaɓar farko, yadda take ƙunshinta.

Sani: To ai labarinki ya zana, Yaya.

Malam Habu (Njamena): Allon talla ba abin raini ba ne. Mai zane Chéri Samba na Kinshasa, haifaffen 1956, da shi ya fara, yau ana baje aikinsa a Faris. Henri Rousseau, mai zane ɗan Faransa, ma bai yi makarantar zane ba, an sha yi masa dariya, amma a 1908 shahararren mai zane Picasso ya shirya masa liyafa. Batun inuwa kuwa, fentin akirilik da ruwa ake sirka shi, cikin mintuna yake bushewa, balle a zafin Garwa. Kafin ka sajar da launi biyu a kumatu ya riga ya kama.

Sani: Malam, ai ni ka taimaka. Ashe fenti ne ya daskarar da fuskar.

Malam Habu: Fenti bai karkatar da idon zuwa gefe ba. Wannan zaɓin mai zane ne.

Goggo Asabe (Garwa): Ku yara kuna ba ni dariya. Wane baƙin ciki? Kallon da Inna take yi wa mai zuwa cin bashin fura ke nan, ido a gefe, baki a tsuke. Ina gani gabana ya faɗi, don ni ma na sha shi.

Bilki: Goggo, ni kewa na gani.

Goggo Asabe: Ke jika ce, ba ta taɓa hararar ki ba.

Kawu Isa (Kusiri): Allah ya jiƙanta da rahama. Ku dai kada a rataye shi a ɗakin da ake salla.