Bidiyo yana matsewa idan na rage girmansa, ina mafita?

Assalamu alaikum masu aikin tace bidiyo, don Allah ku taimaka min.

Na ɗauki wani biki a girman hoto 1920x1080, wato fasalin 16:9 (faɗi 16, tsayi 9). Masu bikin suna son ƙaramin fayil da za su riƙa turawa ta WhatsApp, sai na fitar da shi daga manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro da tsarin rage nauyin bidiyo na H.264, na zaɓi 720x576 mai faɗi irin na DVD. A kwamfuta, cikin manhajar kallon bidiyo ta VLC, lafiya lau yake. Amma a wasu wayoyi fuskoki sai su tsuke su yi tsawo, amarya kamar an ja ta da igiya.

Ina zargin ɗigon hoton ne, wato ƙananan ɗigogin (pixel) da suke haɗuwa su ba da hoto. 720x576 ai 5:4 ne idan ɗigon murabba'i ne, sai manhajar kallo ta buɗa shi da kanta kafin ya cika faɗinsa, da alama kuma wasu wayoyin ba sa buɗa shi. Da na mayar da ɗigon murabba'i a wannan girman, sai baƙin layi ya fito sama da ƙasa, ya zauna cikin bidiyon daram.

To wanne zan bi, 1024x576 ko 854x480? Na biyun bai yi daidai da 16:9 cif ba, shi ne nake ɗari-ɗari. Ko in tsaya a 1280x720 in rage ingancin kawai, tunda nauyi ne damuwarsu?