Stuxnet: ta hana yaƙi ne ko ta buɗe ƙofa?

Malam: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i mun fara gardama da Injiniya ba mu ƙarasa ba, shi ne na ce bari in kawo ta nan kowa ya sa baki. Ina nan kan bakana: ƙwayar cutar kwamfutar nan Stuxnet da aka saka wa Iran a cibiyarta ta nukiliya da ke Natanz ta fi a tura jiragen yaƙi. An lalata injinan tace yuraniyom wajen 1,000, ba a zubar da jinin kowa ba. In dai dole sai ƙasashe sun yi faɗa, gara irin wannan.

Injiniya: Wa'alaikumus salam Malam. Ban musa ba a zubar da jini ba. Yadda aka yi aikin ne ke hana ni barci. Kwamfutocin Natanz ba sa kan intanet, saboda haka an shirya ƙwayar ta riƙa bin filash daga kwamfuta zuwa kwamfuta har ta kai ga na'urorin Siemens masu sarrafa injinan. Sai ta riƙa ƙara musu gudu fiye da ƙima, can kuma ta rage, har su lalace, alhali allon da ma'aikaci ke kallo yana nuna masa komai lafiya lau. Ni ma aikina ke nan, zama gaban allo ina duba famfunan ruwa. Idan allo ya ce tanki ya cika, na yarda ya cika, ba na hawa in leƙa. Ranar da aka koya wa duniya cewa ana iya sa allo ya yi ƙarya, wallahi ba Iran kaɗai aka taɓa ba.

Hajiya: Malam, ka yi haƙuri, maganar jinin nan ban yarda da ita ba. Shekarata 22 ina aikin jinya. A Mayun 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin Ingila, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin. Na sha tsayawa kan mara lafiya muna jiran sakamakon gwajin jini, danginsa na kallon fuskata. Na san abin da jinkirin awa biyu ke yi. Ba sai an ji ƙarar bam ba.

Auta: Hajiya gaskiya ne, amma kada mu haɗa su. WannaCry daban, Amurka da Birtaniya Koriya ta Arewa suka zarga da ita. Stuxnet kuwa an tsara ta ne kada ta yi ɓarna sai ta ga irin injinan da take nema.

Malam: Yauwa Auta, Allah ya yi maka albarka. Kuma ku duba, jinkirin da Stuxnet ta jawo wa shirin Iran ai shi ya ba da damar zama teburi har aka cimma yarjejeniyar nukiliya da ita a 2015.

Injiniya: To ai ba ta tsaya inda aka aike ta ba, Malam. Fita ta yi ta bazu, har wani ƙaramin kamfani a Belarus ya gano ta a Yunin 2010, masana suka warware ta kowa ya ga cikinta. A Agustan 2012 aka goge kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin man Saudiyya, Saudi Aramco, da wata ƙwayar mai suna Shamoon, jami'an Amurka suka nuna Iran da yatsa. Kuma Auta, ita WannaCry ɗin da me ta shiga? Da EternalBlue, makamin kutsen kwamfuta da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta ƙera aka sace aka watsa. Da shi wata ƙwayar mai suna NotPetya ma ta yi amfani a Yunin 2017: Yukiren aka nufa, amma ta durƙusar da Maersk, masu kwantenonin nan da muke gani a kan tirela. Bam in ya fashe ya ƙare. Wannan kuwa wanda ka jefa yana iya tsintar sa ya gyara ya jefo maka.

Malam: Duk da haka an samu shekaru babu yaƙi.

Injiniya: An samu. Amma Iran ta maye gurbin injinan ta ƙara wasu, daga 2021 ta kai tacewa kashi 60 cikin 100, kuma a Yunin 2025 Amurka ta jefa bama-bamai a Natanz ɗin dai, da cibiyoyin nukiliya na Fordo da Isfahan.

Malam: Wannan kuma laifin ficewar Trump ne daga yarjejeniyar a 2018, ba na Stuxnet ba. A nan ba zan ja da baya ba.

Hajiya: Ni abin da ya fi ci mini rai, har yau babu wanda ya fito ya ce shi ya yi. Jaridar New York Times ce a 2012 ta ce aikin Amurka da Isra'ila ne, su kuwa ba su amsa a hukumance ba. In jirgi ya jefa bam a asibiti, ana sanin na wace ƙasa ne, ana da wanda za a tuhuma. In kwamfutar ɗakin tiyata ta mutu mara lafiya na kwance, wa za mu kama, Malam?

Malam: Wannan tambayar ta yi mini nauyi, Hajiya. Ku ba ni zuwa gobe.