Gidajen jinka na Japan, ya suke jure ƙanƙara?

Dan Gobir: Salam 'yan uwa, na ga hoton ƙauyen Shirakawa-go a Japan, gidaje manya amma rufin ciyawa, to ya ba su rushewa da dusar ƙanƙara wai?

Maman Hadiza: Rufin a tsaye yake sosai ɗan uwa, ƙanƙarar zamewa take, kuma ba ƙusa, da igiya suke ɗaure itacen. Hayaƙin murhu ma na korar ƙwari daga ciyawar.

Bamaradiya: Abin da ya fi burge ni baibayar, duk ƙauye ke hitowa su yi ta tare kamar gayyar noma nan wajenmu, wallahi abin sha'awa ne. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1995.

Dan Gobir: Madalla, na gode Hajiya.